Agege: Yadda masana'antun Ikeja suka sauya rayuwar matan Zango ba tare da sun ɗauke su aiki ba

Tun kafin ladan ya kira assalatu wuta ke kamawa a lungunan Zangon Agege. A bakin ƙofar ɗaki, ko a ɗan sararin da ya rage tsakanin bango da kwata, mace ta riga ta ɗora tanda, ƙullin wainar da ya kwana yana tashi na gefenta, maƙwabciyarta kuma tana dama koko. Kafin gari ya waye sosai an ƙulla abin ƙullawa a leda, an jera shi a bokitin roba, ya kama hanyar bakin titi. Masu jiransa su ne masu gadin da ke saukowa daga aikin dare, da 'yan dako, da direbobi, da leburorin da za su shiga Ogba da Ikeja kafin ƙarfe bakwai.

Wannan baiwar Allah ba ta taɓa tsayawa layi a ƙofar masana'anta ba, haka ma mahaifiyarta. Sunanta bai shiga takardar albashin kowa ba. Duk da haka lokacin tashinta daga barci, da kwanon da take zuba abinci, da zanen da ta ɗaura, da kuɗin hayar ɗakinta, da sana'ar da ta riƙe da wadda ta kuɓuce wa kakarta, duk suna da nasaba da injinan da aka fara girkawa a maƙwabtanta fiye da shekara 60 da suka wuce.

Goro ya riga inji zuwa

Agege garin gona ne tun asali. A ƙarshen ƙarni na 19 wasu attajiran Legas, waɗanda J. K. Coker ya fi shahara a cikinsu, suka buɗe manyan gonakin koko a yankin, har suka kafa ƙungiyar manoman Agege a 1907. Layin dogon da ya tashi daga Legas ya isa Ibadan a 1901, ya kuma isa Kano a 1912, ya bi ta tsakiyar garin. A wannan zamanin ne aka fara dasa irin goron da Hausawa ke ci a gonakin ƙasar Yarabawa, goron da a da sai fatake sun yi tafiyar watanni zuwa Gwanja kafin su same shi. Ga goro a gona, ga jirgin da zai kai shi Kano cikin kwanaki. Abin da ya kawo Bahaushe Agege ke nan, aka yi zango, zango ya zama unguwa mai sarkinta da limamanta da mahautanta.

Cinikin goro da na shanu duk kan maigida suka dogara, wato mai masaukin da ke karɓar baƙo, ya ajiye masa kaya, ya nema masa mai saye, ya tsaya masa a kan bashi. Sai dai masauki ba ya yiwuwa sai da tukunya. Abner Cohen, masanin da ya zauna a Sabon Ibadan a farkon shekarun 1960 ya rubuta littafi a kan Hausawan wurin, ya bayyana yadda matan aure da ke cikin kulle suke ciyar da baƙi da gwauraye daga cikin gida, yara na kai musu talla, kuɗin kuma nasu ne, miji ba shi da iko da shi. Polly Hill ta ga irin wannan a Batagarawa ta ƙasar Katsina, ta kira shi ɓoyayyen ciniki. Tsarin da matan Hausawa suka zo da shi Agege ke nan: kasuwa ce sosai, mai jari da riba da bashi da adashi, sai dai ba ta da rumfa.

Da aka kunna injinan Ikeja

A ƙarshen shekarun 1950 gwamnatin Jihar Yamma, ƙarƙashin Cif Obafemi Awolowo, ta ware fili a Ikeja domin masana'antu. A lokacin Ikeja da Agege duk a Jihar Yamma suke, sai a 1967 suka koma sabuwar Jihar Legas. Cikin farkon shekarun 1960 masaƙar Nigerian Textile Mills ta fara aiki, Guinness ya gina kamfaninsa, Dunlop ya fara yin taya, sannan Cadbury da masu ƙera kwanuka da kwanon rufi suka biyo baya, har abin ya malala zuwa Ogba.

Masana'antun sun ɗauki dubban mutane, amma ba su gina wa leburori gidaje ba. Ma'aikaci sai ya nemi ɗaki inda haya ke da sauƙi kuma zai iya isa aiki da ƙafa ko keke ko bas, Agege kuwa ita ce mafi kusa. Adrian Peace, wani masanin da ya zauna a garin a 1970 da 1971 yana nazarin waɗannan ma'aikata, ya tarar mafi yawansu samari ne 'yan Kudu da suka baro garuruwansu, kuma babban burinsu shi ne su tara jari su bar aikin kamfani su kama sana'ar kansu. Yana nan aka yi yajin aikin farkon 1971, lokacin da ma'aikatan Ikeja suka tayar da ƙayar baya domin a biya su ƙarin albashin da kwamitin Adebo ya bayar.

Hausawa ba su cika shiga cikin ɗakin inji ba. Aikin na neman takardar firamare da ɗan Turanci da wanda zai tsaya maka, abubuwan da Bahaushen zango na wancan lokaci bai damu da su ba, domin goro da shanu sun fi masa albashi daraja. Waɗanda suka kusanci kamfani, a bakin ƙofa suka tsaya: gadi, dako, lodi, tuƙin mota, sayar da shayi da tsire. Mata kuwa ko ƙofar ba su je ba. Matan da kamfanoni suka ɗauka, galibi a sashen ƙunshe kaya da ɗinki, 'yan Kudu ne, kuma su ma ba su da yawa idan aka kwatanta da maza.

Amma albashi ba ya kwana a aljihun wanda aka ba. Saurayin da ke haya shi da abokai uku a ɗaki guda, yana aikin kwana wannan mako, na rana mako mai zuwa, ba shi da lokacin girki. Dole ya sayi dafaffe. Matan Yarabawa masu buka su suka kwashi kaso mafi tsoka na wannan kasuwa, domin suna zaune a fili kuma abincinsu shi ne na masu sayen. Matan Zango sun sami nasu rabon ta wata hanya: yawan Hausawa maza marasa iyali da harkokin garin suka jawo, masu neman tuwo da miyar kuka da fura da ɗanwake, sai kuma kayan marmari irin su waina da ƙosai da kunu da ƙuli-ƙuli waɗanda ba su san ƙabila ba.

Daga nan ne agogon kamfani ya shiga cikin gida. A da, ciniki na bin damina da rani, da lokacin da goro ke sauka, da azumi da salla. Yanzu sai ga ƙarshen wata. Mai abinci ta koyi bayar da bashi daga ranar goma sha biyar, ta riƙe lissafi a ka ko ta ja layi a bango, ta jira ranar biya. Idan an yi ƙarin albashi, kamar na Udoji da aka biya a 1975, cinikinta ya buɗe, amma farashin gero da mai da hayar ɗaki su ma su tashi. Idan an yi yaji ko an rage ma'aikata, bashinta ya nutse. Ta zama mai ɗaukar wani ɓangare na hatsarin masana'anta, alhali ba ta da ƙungiyar ƙwadago, ba ta da sallama, ba ta da fansho.

Abin da inji ya ɗauke, da abin da ya kawo

Yawancin matan Zango aure ne ya kawo su daga Kano da Katsina da Sakkwato da Zariya, wasu daga Maraɗi da Damagaram, wasu kuma a nan aka haife su, suna jin Yarabanci kamar Hausa. Sana'o'in da iyayensu mata suka sani sun gamu da inji tun daga can gida. Kaɗi shi ne na farko da ya faɗi. Tsohuwa da mazarinta da allinta, tana murza zare tana sayar wa masaƙa, ita ce ginshiƙin masaƙar Hausa ta dā. Zaren kanti ya fara cin kasuwarta tun zamanin Turawa, da aka buɗe masaƙar Kaduna a 1957 kuma, sauran suka biyo, sai kaɗi ya zama abin ba da labari. Wannan babbar asara ce da ba a cika lissafawa ba, domin kaɗi ne sana'ar da tsohuwa ko bazawara marar jari za ta yi tana zaune ta sami na goro da na sabulu ba ta roƙi kowa ba.

Man gyaɗa na gida ya yi ta fama da na kamfanonin matsar mai, ya dai tsira ne saboda ƙamshinsa da kuma ƙuli-ƙulin da ke fita daga tunkuzarsa. Daddawa ta gamu da dunƙulen Maggi, wanda Nestlé ke yi a masana'antarsa ta Agbara a Jihar Ogun. Sabulun salo ya ja baya ga na kanti da garin wanki. Taliyar murji, wadda ita kanta ɗan injin hannu ne ya kawo ta, ta sami kishiya a tsakiyar shekarun 1990 da aka fara yin Indomie a Ota, garin da ke kan hanya ɗaya da Agege. Abin lura a nan shi ne, idan sana'a ta bar hannu ta koma inji, sau da yawa takan bar hannun mace ta koma na namiji. Mai shayin da ke soya Indomie da ƙwai a bakin titi da dare, yana yanka burodin Agege, abincin daren da a da mace ke sayarwa daga cikin gida ne ya karɓe.

Ba za a ce duk asara ba ce. Duk matar da ta taɓa yin surfe da daka da niƙa a kan dutse ta san abin da injin niƙa ya sauke mata. Aikin da ke cin rabin yini ya koma aiken yaro da 'yan kuɗi. Da wannan lokacin da ya rage ne mace ta iya ninka abin da take dafawa na sayarwa, ko ta zauna a keken ɗinki, ko ta tafi Islamiyya. Sai dai injin, a mafi yawan lokuta, ba nata ba ne, kuma matan da ke yin daka da surfe a biya su, waɗanda su ne mafi talauci, sun rasa abin yi. Firji ya haifar da sana'ar ƙanƙara da zoɓo da kunun aya. Leda ta sa ana iya sayar da man naira kaɗan da sukarin naira kaɗan, ta kuma toshe kwatocin unguwa.

Akwai kaya guda da ya cancanci a tsaya a kansa, wato kwano. A da, dukiyar ɗakin amarya ƙorai ne da akusa da tasoshin tagulla. Kwanon fenti mai furanni ya fara shigowa daga waje, sannan tun farkon shekarun 1960 wasu 'yan kasuwar Sin da suka fito ta Hong Kong suka kafa masana'antun ƙera shi a Nijeriya, ciki har da Ikeja da Kano. Da ya yi araha sai ya mamaye jere. Uwa takan fara tara samira da langa da fanteka tun 'yarta na goye, a jera su saiti-saiti har rufin ɗaki. Wanda bai sani ba zai ɗauka ado ne kawai, alhali asusu ne. Kwano ba ya ruɓewa, ana iya sayar da shi ranar ƙunci, kuma nata ne ko da aure ya mutu. Wato ribar wainar da lebura ya saya da albashin kamfani takan koma wa kamfani ta hanyar kwano. Daga baya roba da tangaran da kuloli da kayan wuta na ƙasar Sin suka ture kwanon, kuma waɗannan ba sa riƙe daraja irin tasa. Robar da aka saya bara, bana ba mai ba da rabin kuɗinta.

Kulle a gidan haya

Inda sauyin ya fi tsanani shi ne muhalli. Gidan Bahaushe na Arewa an gina shi ne domin mace ta yi aiki a ciki: ga zaure da ke tsare ido, ga tsakar gida mai faɗi inda za a yi shanya da daka da girki, wani lokaci ga rijiya. Gidan da yawan ma'aikata ya haifar a Agege daban ne. Dogon lungu ne a tsakiya, ɗakuna na kallon juna dama da hagu, kowane ɗaki da iyalinsa, makewayi da wurin wanka da madafa ɗaya a baya, kowa da kowa. Mai gida na ƙara ɗaki a duk inda ya ga sarari, domin kowane taku kuɗi ne.

A irin wannan gida kulle sai dai a yi shi da niyya da mayafi. Matar da za ta bi layin makewayi da mazan da ba muharramanta ba, ta yi girki a lungun da kowa ke wucewa, ba za ta yi zaman da kakarta ta yi a cikin birnin Kano ba. Tsofaffin gidajen masu goro da masu shanu, waɗanda suka mallaki filayensu tun da wuri, sun riƙe tsarin dā gwargwadon hali. Masu haya kuwa dole ta sa sun sassauta. Wannan ya buɗe wa wasu mata ƙofar fita kasuwa da asibiti da makaranta, suka kuma koyi dabarun ciniki wurin maƙwabtansu Yarabawa, waɗanda a wurinsu zaman mace babu sana'a a fili abin mamaki ne. Amma ya kuma takura sana'ar kanta. Ba wurin shanya, ba wurin ajiye buhu, ba damar hura itace ba tare da faɗa da maƙwabta ba. Mai ɗaki ɗaya, a nan take kwana da yara, a nan take ajiye gawayi da ƙulli da jarkar mai.

Ruwa ma abin magana ne. Madatsar ruwan Iju, wadda aka buɗe a 1915 domin shayar da Legas, tana nan kusa da Agege, amma gidaje da yawa a unguwannin talakawa daga burtsatsen masu hali suke saye, ko daga kurar 'yan ga-ruwa, waɗanda akasarinsu 'yan Arewa ne da 'yan Nijar. Mai sana'ar abinci tana biyan kuɗin ruwa sau biyu, na gida da na tukunya. Makamashi ya bi da ita ta matakai: itace, gawayi, risho, sannan gas. Da aka janye tallafin kananzir a 2016 risho ya zama kayan tarihi a gidaje da dama, da gas ya yi tsada kuma mata suka koma gawayi, a cikin lungun da hayaƙi ba shi da mafita. Tari da ciwon ido na mai tuya ba sa shiga lissafin cututtukan wurin aiki, domin a idon doka lungun ba wurin aiki ba ne.

Sai batun talla, wanda shi ne ƙafar mai kulle. Enid Schildkrout, wadda ta yi bincike a Kano a shekarun 1970, ta nuna cewa sana'ar matan aure ta rataya ne a kan yara, kuma sanya su makaranta na taɓa jarin uwa kai tsaye. A Legas wannan karo ya zo da wuri kuma da ƙarfi. Shirin ilimin firamare kyauta na 1976, da makarantun da Gwamna Lateef Jakande ya yawaita daga 1979 zuwa 1983, sun ja yara zuwa aji. Daga baya jihar ta kafa dokar hana ciniki a kan titi a 2003, aka kuma tsananta aiki da ita a 2016. Babu mai hankalin da zai so yarinya ta yi yawo da faranti a tsakanin motocin Pen Cinema maimakon zama a aji. Amma duk wanda ya cire talla bai kawo abin da zai maye gurbinta ba, ya sani cewa ya yanke hanyar da kayan uwar ke bi su isa ga mai saye, kuma daga ribar nan ake sayen littafi da takalmin makarantar.

Da injinan suka yi shiru

Daga 1986, da gwamnatin Janar Ibrahim Babangida ta shigo da shirin gyaran tattalin arziki, darajar naira ta faɗi, kayan da masana'antu ke shigowa da su suka yi tsada, wuta ta ƙi tsayawa. A ƙarshen 1991 aka mayar da fadar gwamnati Abuja, ma'aikatan tarayya suka bi ta da albashinsu. Masaƙu suka yi ta rufewa ɗaya bayan ɗaya a Legas da Kaduna da Kano yayin da atamfar Asiya ta cika kasuwa. Dunlop ya daina yin taya a 2008. Wasu kamfanonin suka ƙaura Ota da Agbara da Shagamu, wasu gine-ginen Ikeja da Ogba suka koma rumbunan ajiye kayan waje da ɗakunan biki da wuraren ibada. Cinikin goro ma ya daɗe da raguwa a Agege, domin gonakin sun zama gidaje, kasuwar ta fi ƙarfi a Shagamu da garuruwan da ke gaba.

A wannan zamanin ne kuɗin mace ya sauya matsayi. A ƙa'ida, ci da sha da tufafi da muhalli nauyin miji ne, abin da mace ta samu na biki ne da zumunci da kayan ɗakin 'ya'ya. Da samun maza ya zama na yau da ƙyar gobe babu, ribar waina ta fara shiga cefane, ta shiga kuɗin makaranta, ta shiga haya. Gidaje da yawa ba a faɗin haka a fili, saboda mutuncin maigida. Adashin da a da ake kwasa a sayi kwano, yanzu ana kwasarsa a biya mai gida hayar shekara.

Masana'antun da suka rage, da sababbin da ke yin roba da biskit da ruwan leda da gashin kanti, sun fi son ma'aikatan wucin gadi ta hannun 'yan kwangila. A nan ne wasu 'yan matan da aka haifa a Zango, waɗanda suka gama sakandare, suka fara shiga aikin da iyayensu ba su shiga ba, a daidai lokacin da aikin ya rasa tabbacin da yake da shi a zamanin Adebo da Udoji. Wasu sun zaɓi ɗinki da lalle da kitso da haɗa turaren wuta da humra, suna tallata su a WhatsApp da Instagram, ɗan acaɓa ko mai keke ya kai wa mai saye. Waya ta zama sabuwar 'yar talla, kuma ba ta fashin makaranta. A can ƙasa kuma akwai matan da ke tsince robobi da ledoji suna wankewa domin masu saye a kilo, da masu aiki a gefen babbar mayankar Oko-Oba. Waɗannan ma masana'anta suke wa aiki, ko da ba su taɓa ganin mai ita ba.

Inda takardun Abuja ba su kai ba

Dokar ƙwadago ta ƙasa, wadda tushenta na shekarun 1970 ne, ta yi magana a kan mace a sashe na 54 zuwa na 56: hutun haihuwa na mako 6 kafin da mako 6 bayan haihuwa da aƙalla rabin albashi, da hana ta aikin dare a masana'anta, da hana ta aiki a ƙarƙashin ƙasa. Hanin aikin dare, wanda aka yi da sunan kariya, ya zama dalilin da kamfani mai aikin karɓa-karɓa zai fifita namiji. Mafi ƙarancin albashi na naira 70,000 da aka sa wa hannu a Yulin 2024 bai shafi wurin da ke da ma'aikata ƙasa da 25 ba, balle wadda ita ce ma'aikaciya ita ce mai kamfani. Ma'aikaciyar tarayya na da hutun haihuwa na aƙalla mako 16. Mai waina takan koma bakin tanda tun kafin ta gama wankan jego, domin masu sayenta ba za su jira arba'in ba.

Ba ita kaɗai ba ce a wannan hali. Alƙaluman Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa na 'yan shekarun nan sun nuna sama da kashi 90 cikin 100 na masu aiki a Nijeriya suna ɓangaren da ba shi da rajista. Sai dai a cikin wannan taron ma, mai sana'ar cikin gida ita ce ta ƙarshe da ake gani. Shirin TraderMoni na 2018, mai ba da rancen naira 10,000, kasuwa-kasuwa aka bi ana rajista, ita kuwa ba ta da rumfa. Bahaushiyar Agege tana da ƙarin matsala: a Legas ana mata kallon 'yar Arewa, a jihar kakanninta kuma ba a san da ita ba, ko da kuwa ita da mahaifiyarta duk a Agege aka yanke musu cibi.

Kowace shawara da aka yanke a ofis tana isa tandarta cikin kwanaki. Ƙarancin takardun naira a farkon 2023 ya tsayar da cinikin da gaba ɗayansa na kuɗi hannu ne. Janye tallafin fetur a ranar 29 ga Mayun 2023 ya ƙara kuɗin motar da ke kawo gero da wake da shinkafa daga Dawanau, da kuɗin niƙa, da na janaretan da ke riƙe firjin zoɓo. Hana amfani da farar robar zuba abinci da Jihar Legas ta yi a Janairun 2024 ya dace da kwatocin da ke ambaliya duk damina, amma mazubin da ya maye gurbinta ya fi tsada, kuma daga ribarta ake cirewa. Gadar Pen Cinema da aka buɗe a 2021, da sabon layin dogo na Legas zuwa Ibadan na wannan shekarar, da Jan Layin da aka ƙaddamar a Fabrairun 2024, sun sauƙaƙa zirga-zirga, sun kuma share rumfuna da teburan bakin hanya inda kayan matan cikin gida ke sauka, suka sa masu gidajen kusa da tasha suka fara sabon lissafin haya.

Ana ta maganar farfaɗo da masana'antu, musamman masaƙu, kuma takardun da ake rubutawa sukan ƙirga guraben aikin da za a samar a cikin katanga. Tarihin Agege ya nuna cewa kowace masana'anta tana da wasu ma'aikatan a wajen katangar, masu dafa wa leburanta abinci, masu ba shi bashi har ƙarshen wata, masu raba lungu da makewayi da shi. Gidajen ma'aikata, da famfo a unguwa, da wurin girki na haɗin gwiwa mai gas da mafitar hayaƙi, da rajistar da za ta bi gida-gida ta hannun mata, da ƙananan rumfuna masu araha a tashoshin jirgi, duk abubuwa ne da ba a sa a tsarin Ikeja na farko ba, kuma har yau ba su cika fitowa a tsarin sababbin yankunan masana'antu na Lekki da Ogun ba, inda tuni masu tanda da masu kula suka fara jeruwa a bakin ƙofa tun da asuba.